Kwalba ta Tsakiya

A bakin shagon Malam Ɗalhatu mai gyaran esi da firiji a Gyaɗi-Gyaɗi aka ƙulla yarjejeniyar, a kan bencin da yake cin abincin rana. Nkemdilim za ta riƙa zuwa ranar Asabar tana koya wa 'yarsa Safiya kemistiri har ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Shi kuma zai sa injinsa na zuƙe iska, wanda 'yan sana'ar suke kira bakum, ya busar mata da abin da ke cikin wasu kwalabe uku.

Ya ɗaga guda ɗaya yana kallon ta a hasken rana. Abin ciki ya yi kaurin zuma, yana bin jikin kwalbar a hankali.

"Ruwa za a busar?" in ji shi. "Nkem, anya karatun nan bai fara taɓa ki ba?"

"Ba ruwa ba ne, Baba. Gishiri ne."

"To, ya taɓa ki ya gama."

Tun tana goye ya san ta. Ubanta, marigayi Oga Austin, shi ke da shagon kayan firiji da ke manne da nasa, a gabansa ta yi rarrafe, a gabansa ta fara zagi da Hausa. Da safe tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Daurawa, da rana tana jami'a tana digiri na biyu. Injin bakum na sashensu a jami'ar ne ya ƙone, an ce za a sayo wani, kuma duk wanda ya taɓa jiran a sayo abu a ma'aikata ya san ba zama ake yi a jira ba.

Ta karɓe kwalbar daga hannunsa kafin ya girgiza ta.

"Gishirin miya sai an sa masa wuta mai tsanani yake narkewa," in ji ta. "Wannan a narke yake ko a inuwa. Ba ya ƙafewa, ba ya saurin kama wuta, shi ya sa ake so a riƙa ɗaukar zafi da shi a cikin injuna. Ni aikina in auna saurin da zafi yake ratsa shi. Ka ga ranar da ake zuba dekin bene, yadda leburori suke yin layi suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu?"

"Na ma miƙa da hannuna, kafin a haife ki."

"To haka zafi yake tafiya a ciki. Akwai 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace da kai da jela. Kawuna suna haɗa unguwarsu, jeloli suna haɗa tasu. In jela ta yi tsawo sai layin ya yi kwana-kwana, kwanon ya daɗe bai isa ba. Wannan kwalbar mai gajeriyar jela ce, wannan matsakaiciya, wannan doguwa."

"Allah mai iko. Har gishiri ma da unguwar talakawa."

"Saurara, Baba, nan ne wurin. Yana shan laimar iska, kamar yadda gishirin miya yake jiƙewa da damina. In ruwa ya shige shi, kamar an cusa baƙin leburori ne a layin, awona ya lalace. Kuma ba zan sani ba, don na'urarmu mai gano ruwa ita ma sinadarinta ya ƙare. Saboda haka in na haɗa tiyon nan, kada a cire, kada a kashe, sai na zo da kaina. Yini da kwana zai yi ta ja. Batirin solarka zai ɗauka?"

"Zai ɗauka har da uwarsa. Ina jan iska kina tsotsar yatsa, yau ke za ki koya min? Je ki, ba mai taɓawa."

Kwalba ta farko ta bushe lafiya a ɗakin ciki, a kan 'yar hita, injin yana ta gurnaninsa. Nkem ta zo ta rufe bakinta da kanta ta tafi da ita, ta bar ta tsakiya a haɗe.

Ruwan farko ya riga ya sauka a lokacin, garin ya ɗauki irin zafin nan mai ɗanko da riga take manne wa mutum. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce daga Hotoro. Ita wannan Hajiyar gidajen haya gare ta a unguwa uku ko huɗu, kuma duk esin da ke cikinsu Ɗalhatu ne mai kula da shi. Ta dawo daga Umara, falo ya cika da 'yan sannu da zuwa, babban esin ya zubar da gas ya tsaya.

"Hajiya, injina yana kan wani aiki. Gobe da sassafe in sha Allahu…"

"Gobe? Mutane suna fifita da mayafi a falona kana ce min gobe? Babu damuwa, Ɗalhatu. Akwai wani yaro a Unguwa Uku da ake ta yaba min shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Masu irin wannan hali ba sa ɗagawa.

Ya buga wa abokin sana'arsa Ƙasimu ko zai ara masa nasa, aka ce yana Wudil da injin. Ya shiga ɗakin ciki ya tsaya a kan kwalbar. Ya san lambar Nkem, wayar kuma tana hannunsa. Sai dai ya san abin da za ta ce, shi ya sa bai buga ba. Ya kashe injin, ya murɗe tiyon. Ya ji iska ta shige kwalbar da ɗan fito. Ya yagi leda ya ɗaure bakin da roba, ya ɗora injin a bayan babur.

Aikin Hajiya ya ci yini. Ana cikin yi aka sake tsuge ruwa. Da ya dawo bayan la'asar ɗakin ciki ya yi turiri, ledar ta zame gefe guda. Ya mayar da tiyon, ya kunna. Ba a jima ba allurar geji, wato agogon awon da ke jikin injin, ta faɗi ƙasa, injin ya sauya murya. A sana'arsu, in allura ta faɗi kuma murya ta sauya, to an gama, ka saki gas ka karɓi godiya. Da wannan ya lallashi kansa. Amma da idonsa ya ga kaurin abin nan, ya kuma san bututun tagulla daban, zuma daban. Abin da ya nutse a cikin zuma ba ya fitowa don allura ta faɗi.

Kashegari da safe Nkem ta biyo kafin ta wuce makaranta. Ta duba geji, ta rufe kwalbar, ta haɗa ta uku.

"Ba a cire ba ko, Baba?"

"Wa zai cire?" in ji shi, yana goge sifana.

Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa ai tambaya ya yi, bai yi ƙarya ba. Ko shi bai taɓa yarda da wannan ba.

Da awon ya fito kamar na kowa, da watakila ya manta. To ba haka ya fito ba. Wata Asabar ta sauko daga adaidaita ba ta ko jira canji ba, tana kaɗa takarda.

"Baba! Zo ka ga ikon Allah!"

Ɗigo uku ne a jikin takardar. Ta nuna masa na farko a sama, na uku a ƙasa.

"Na tsakiya nan ya kamata ya zauna, tsakaninsu. Ka ga inda ya je? Ya tsallake na farkon ma. Zafi ya fi gudu a cikinsa. Na sake awo, na sake, amsa ɗaya."

"To," in ji Ɗalhatu. "Me ke kawo haka?"

"Ina jin a daidai wannan tsawon jelar, unguwannin suna haɗewa su buɗe miƙaƙƙen titi. Ba wanda ya taɓa rubuta haka a irin wannan gishirin. Ba kowa, Baba! Malamina, Dokta Abdurrahman, da ya gani sai da ya cire tabarau. Ya ce, ‘Kin tabbata ya bushe?' Ya tambaye ni, ya sake tambaya. Na ce masa mutumin da ya busar min, in ya ce ba a taɓa ba, to kamar mahaifina ne ya faɗa."

Ta shige gida wajen Safiya. Ya jiyo su suna dariya, tana ce mata ƙwaƙwalwarta kamar rariya. Ya zauna a kan benci, firijin wani a buɗe a gabansa, ya rasa abin da ya zo gyarawa a ciki.

Da ta fito ya gwada dabara.

"Kawo kwalbar nan in ƙara ja miki. Ƙari ba ya ɓata aiki."

"Wace? Ta tsakiya? Ko Dokta ban bari ya taɓa ba. Zinariyata ce."

Daga nan ya shiga biyan abin da ba a tambaye shi ba. Ya je Tarauni ya gyara wa mamanta firiji, ya ƙi karɓar ko ruwan sha. Ya sauya wa fankar ɗakin Nkem kwandensa alhali tana juyawa lafiya. Duk Asabar sai ya aika a sayo mata tsire, shi kuma ya ƙirƙiri aiki a Hotoro don kada su haɗu. Ba abin da ya ragu daga nauyin da ke ransa. Kowace kyauta ma sai ta jawo sabuwar godiya, godiyar kuwa ita ce ba ya so ya ji.

Matarsa Maimuna ta ga tuwo yana dawowa kusan yadda ta kai. Wata rana bayan azahar ta zauna a gabansa ta ƙi tashi.

"Wani abokina ne," in ji shi daga ƙarshe. "An ba shi amanar wani aiki, sai ya ɗan kauce. Mai aikin ba ta sani ba, murna ma take."

"Ba ta sani ba? Mace ce ke nan. Shi abokin naka, ba Ɗalhatu sunansa ba?"

Ya gaya mata duka. Ta saurara hannu a haɓa.

"To tashi ka buga mata yanzu."

"Ke ba ki san lissafi ba. In na faɗa yau ta yi fushi ta daina zuwa, Safiya fa? Yarinyar nan sai yanzu ta fara gane abin. Bari a gama jarrabawa, in same ta in yi mata bayani a tsanake."

"Wato ka ci amanar farko, yanzu kuma za ka ci ta biyu."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa dai, Malam. Ni ban yi boko ba, amma na ji."

Ta kwashi kwanukan ta tafi. Bai buga ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne lissafin nasa daidai yake, kuma ya san wane irin mutum ne yake yin irin wannan lissafin.

Shi yana jiran jarrabawa, takardar Nkem kuma ba ta jira kowa ba. Dokta ya sa ta aika sakamakon wa wani farfesa a wata jami'a a Afirka ta Kudu, mai bincike a kan irin wannan gishirin. Ɗalhatu bai san an aika ba sai ranar wata Lahadi, da ya ga Nkem da mamanta sun tsaya a ƙofar gidansa da kayan coci, uwar da babban ɗankwali, ga kular dafa-duka, ga turmin atamfa na Maimuna. Maman Nkem tsohuwar nas ce, mace mai jiki, mai magana ɗaya. Aka shimfiɗa musu darduma a tsakar gida. Safiya ta tafi islamiyya.

"Malam Ɗalhatu, godiya muka zo," in ji Maman Nkem. "Mutanen Afirka ta Kudu sun kira ta. Digiri na uku, su za su ɗauki komai. Saboda wannan kwalba da ka busar. Da Austin yana nan, da shi zai zo da kansa."

"Sun ce in zo mu bi diddigin abin tare," in ji Nkem. "Gobe zan gaya wa mai makarantarmu ya nemi wata malama. Ya daɗe yana min gori, gobe zan ga fuskarsa."

Maimuna ba ta taɓa atamfar ba. Mijinta take kallo.

Da wannan aikin na Daurawa suke cin abinci, ita da uwar, tun da fansho ya zama sai an ga dama. Ɗalhatu ya san haka. Ya kuma san in ta bar shi, kafin la'asar wata ta shige.

"Kada ki gaya masa," in ji shi.

"Me ya sa, Baba?"

"Na cire tiyon."

Ya faɗi sauran kansa a ƙasa: wayar Hajiya, ledar, ruwan da aka yi, allurar da ta faɗi. Bai ambaci Safiya da jarrabawa ba. Wannan ya bar shi tsakaninsa da Maimuna.

Nkem ba ta yi kuka ba. Tambayoyi ta yi, da muryar da take yi wa ɗalibai.

"Tun yaushe zuwa yaushe?"

"Hantsi zuwa bayan la'asar."

"Hitar tana kunne?"

"Na kashe."

"Ledar ta rufe bakin?"

"Na tarar ta zame."

"Ana ruwa."

"Ana ruwa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai duba aikin wani.

"Ruwa na auna ke nan," in ji ta. "Titin da na ce na gano, ruwan sama ne." Sai a nan muryarta ta karye. "Baba, da ka faɗa min da safen nan, kwana biyu kawai zan rasa. In sake haɗawa, shi ke nan. Na tambaye ka fa. Na tsaya a gabanka na tambaye ka."

"Kin tambaya."

Maman Nkem ta miƙe tana gyara zani.

"Duk Kirsimeti in za mu gida," in ji ta, "kai Austin yake bar wa makullin shago. 'Yan'uwansa suna masa faɗa, yana cewa ba su san ka ba." Ta dubi kular. "Ku ci abincin. Don ku aka dafa."

Ranar Litinin da yamma Nkem ta zo shagon da kwalbar, da kuma sabon kwaɗo a jakarta. Ta haɗa tiyon da kanta, ta kunna, ta fito ta ja ƙofar ɗakin ciki, ta datse da kwaɗonta ta jefa makullin a jaka. Ɗalhatu yana tsaye yana kallo, a shagonsa, ga maƙwabta a zaune. Mai shayin gefe ya ce, "Malam, yau haya ka bayar?" Ɗalhatu ya koma kan bencinsa ya zauna. A yinin da ya biyo baya wayar Hajiya ta shigo, ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji.

Da aka sake awo, ɗigon ya sauko ya zauna tsakanin 'yan'uwansa, inda kowane littafi ya ce zai zauna. Nkem ba ta zo ta nuna masa ba. Daga bakin Safiya ya ji, wai Anti ta ce bincikenta ya zama irin na kowa.

Akwai waɗanda suka ba ta shawara ta yi shiru ta tafi, in ta isa can ta ce abin ya ƙi maimaituwa, ai yana faruwa. Ta ƙi. Ta rubuta wa farfesan gaskiya, ba ta kuma ɗora wa kowa ba, ta ce samfurinta ne ya sha ruwa. Ya amsa da ladabi, ya yaba mata, ya ce gurbin don bin wancan sakamakon aka buɗe shi, tunda babu shi sun ba wani, ta sake nema baɗi. Dokta Abdurrahman ya sa ta sake rubuta rabin kundinta, kuma bai ƙara barin wani ɗalibi ya fita da samfuri daga harabar jami'a ba.

Ɗalhatu ya ɗauka ba za ta sake taka gidan ba. Har ya fara tambayar inda ake samun mai lesin. Asabar na yi sai ga ta da littattafai a hammata. Ta gaishe shi kamar yadda ake gaida mutumin da aka tarar a bakin hanya.

"Nkem, ba dole ba ne," in ji shi. "Ni na karya yarjejeniyar, ba ke ba."

"Safiya ce ta cire tiyon?"

"A'a."

"To matsa min in wuce, Malam Ɗalhatu."

Ba ta fasa Asabar ko ɗaya ba har aka shiga jarrabawa. Da ta zage shi a bainar jama'a da ya fi masa sauƙi. Ya daina aikawa a sayo tsire, don na farkon da ya aika bayan abin, a ƙunshe ya dawo.

In za a faɗi wanda ya samu da wanda ya rasa, ba wuya. Baƙin Hajiya sun sha sanyi, ita ba ta ma san an yi ba, kuma har yau Ɗalhatu ne mai esinta. Safiya ta ci kemistiri, tana makarantar koyon aikin jinya, tana ganin ubanta mutumin kirki ne da ya samo mata malama kyauta. Wani yaro can da ba wanda ya san sunansa a Gyaɗi-Gyaɗi ya samu gurbin karatu. Nkem ta tsira da aikinta na Daurawa da sunanta, ta rasa tafiyar, ta rasa shekara guda, kuma da ta sake nema ba a buɗe gurbi ba. Shi kuwa Ɗalhatu bai rasa komai da za a iya nunawa da yatsa ba. Sai dai in aiki ya kai shi Tarauni, yakan zagaya ta titin baya, ko da ya fi nisa, don Maman Nkem tana yawan zama a ƙofar gida da yamma, kuma har yanzu in ta gan shi takan gaishe shi.